Jar Kwat da Rigar Maharba

A ƙasar Amurka akwai wasu mutane da ban taɓa ganin irinsu ba. Magidanta ne da hankalinsu, wani likita, wani direban babbar mota, wani malamin makaranta, amma da zarar Asabar ta zo sai su tuɓe kayansu su sa na sojan shekara ɗari biyu da hamsin da suka wuce, su kafa tanti a fili, su kwana kan ciyawa, gari ya waye su ja daga su sake yaƙin da kakanninsu suka gama tuntuni. Ba mai biyansu ko sisi. Da kuɗin aljihunsu suke sayen yadi, kuma masu tsanani a cikinsu ba sa yarda keken ɗinki ya taɓa rigarsu, tunda a zamanin da suke kwaikwayo ba a ƙirƙiro shi ba. Mai gemu ma sai ya aske kafin a sa shi a sahu, don sojan wancan ƙarni ba ya barin gashi a fuska.

A jihar Bajiniya na same su, tsakanin Williamsburg da Yorktown, tafiyar da ba ta kai rabin awa a mota ba. Williamsburg ce hedkwatar mulkin Bajiniya daga 1699 zuwa 1780, kuma tun 1926 attajirin nan John D. Rockefeller ƙarami ya fara zuba kuɗi har aka mai da tsakiyar garin kamanninta na dā: keken doki a titi, maƙeri a maƙera, tela a kan teburi kusa da taga ya tanƙwashe ƙafa yana ɗinki da allura. Yorktown kuwa nan aka yi babban karon ƙarshe na yaƙin neman 'yancin Amurka a 1781.

Ɗan'uwan da ya kai ni, mutumin Zariya ne da ya daɗe a can, tun a mota ya yanke mini hukunci. "Malam, ai labarin gajere ne. Wauta ce ta ci Turawan Ingila. Mutum ya sa jar riga ya tsaya a fili, manomi ya laɓe bayan itace yana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya." Haka fina-finansu ke nunawa, haka yaran gidansa suka ɗauka. Labarin yana da daɗin ji, amma kayan da na taɓa da hannuna ba su gaskata shi ba. Ni soja biyu na gani, kowanne yana hararar rigar ɗan'uwansa: na Ingila yana rage tasa da almakashi don ya iya shiga daji, na Amurka yana roƙon a ɗinka masa irin ta Turai don a ɗauke shi soja.

Wani mai tsayawa a matsayin sojan Ingila ya tuɓe kwat ɗinsa ya miƙo mini, na karɓa da hannu ɗaya sai da na ƙara na biyu. Mulufi ne na ulu zalla, an kirɓa shi an matse har zaren ya haɗe, don haka in almakashi ya bi ta kansa ba ya zarewa. Bakin rigar kaf a yanke aka bar shi, ba kalmasa. Ta baya ta sauko kusan gwiwa, an naɗe kusurwoyin ƙasa an maƙale don kada su harɗe ƙafa, farin shafin ciki ya leƙo. Kwala da bakin hannu da ƙyallen da ya sauko ta ƙirji dama da hagu kuwa rawaya ne, kuma wannan launi na biyu shi ne shaidar runduna. Dokar tufafi ta 1768, zamanin Sarki Joj na Uku, ta ƙayyade wa kowace runduna nata: ta 29 rawaya, ta 5 kore, ta 64 baƙi, masu ɗauke da sunan gidan sarauta irin ta 23 shuɗi. Maɓallan na kuza ne, an zuba kowanne da lambar rundunar a kai, ramin maɓalli kuma an kewaye shi da farin ziri mai ratsi, ratsin ma kowa da nasa. Har yau masu tonon tsofaffin sansanoni da waɗannan maɓallai suke gane wace runduna ta kwana a ina.

Jan ma ba iri ɗaya ba ne. Na kurtu da saiwar wata shuka ake rina shi, mai araha, yana da ɗan duhu, in rana da ruwan sama suka daɗe suna dukansa sai ya koɗe. Na hafsa ja ne wur, da wani ɗan ƙwaro ake yinsa wanda ke rayuwa a jikin wata shuka mai ƙaya a Meziko. A busar da shi, Sifaniyawa su kai Turai su sayar da tsada. A sahu ɗaya ido na iya raba ɗan masu kuɗi da ɗan talaka ta hasken riga.

Wa ke biya? Ba gwamnati ce ke ɗinkawa ta raba ba. Albashin kurtu kwabo takwas ne a rana. Ana ware sisi don cinsa, kwabo biyun da suka rage ba ya ganinsu da ido: bayan an cire 'yan kuɗin asibiti da na wakili, sauran hannun kanar mai rundunar suke shiga, shi kuma ya ba 'yan kwangila aikin kwat da falmaran da wando da hula, sau ɗaya a shekara. Abin da ya yi rara nasa ne halak malak, doka ta sani. Ba sai na gaya wa mai karatu abin da kanar mai son abin duniya zai yi da irin wannan dama ba. A cikin sisin ma ana yanke wa soja kuɗin ƙarin takalmi da wanki da aski. Kayan a dila suke isowa ba a auna kowa ba, telolin runduna su farke su gyara; tsohuwar kwat ta bara kuma a yanka ta a fitar da falmaran ko hular zaman bariki.

Kwat ake gani, amma wahalar soja tana cikin sauran kayan. Akwai wani baƙin abin wuya mai tauri, na gashin doki ko na fata, da ake maƙalawa ta ƙeya. Na sa aka ɗaura mini shi. Haɓa ba ta sunkuyawa, in za ka dubi gefe sai ka juya da kafaɗa, kuma a zafin Bajiniya mai ɗanshi nan da nan gumi ya taru a ƙarƙashinsa. Gashi doka ce a tara shi, a shafe da kitse, a naɗe a ƙeya, ranar fareti a barbaɗa masa fulawa ya yi fari. Kitse da gari a kan mutanen da ke kwana su biyar ko shida a tanti ɗaya, ai kwarkwata ta samu gida. Farin wando iya gwiwa, farin falmaran, ratayen jakar harsashi da na banati, duk sai an bi su da farar ƙasa. Takalmi ba dama ba hagu, ƙira ɗaya ake yi wa duka biyun, ƙafa ce ke koya masa. Dogaye da ƙarfafan kowace runduna ana ware su a sa musu doguwar hular fatar beyar don ƙarin kwarjini. Asalinsu masu jefa gurneti ne, sun daina jifan tuntuni, amma suna rataye da ɗan bututun da ake ajiye igiyar kunna shi. Hafsa ma yana rataya wani ɗan ƙarfe mai siffar jinjirin wata a wuya, ragowar sulken kakanninsa. Soja ba ya son yar da abu.

To, me ya sa ja? Sai ka ga an harba bindigar zamanin za ka gane, kuma a sansanin da gidan tarihin juyin juya hali na Yorktown ya kafa ana harba ta a gaban baƙi. Cikin bututunta sumul yake, ba zaren da zai juya harsashi. Soja ya zaro ƙunshin takarda mai albarushi da dunƙulen dalma, ya gatse bakin da haƙori, ya zuba kaɗan a ɗan kaskon gefe, ya juye sauran ta baki, ya danna da sandar ƙarfe, ya ɗaga ya ja kunama, ƙanƙara ta daki ƙarfe ta ba da wuta. Gwani yana yin haka sau uku a minti. Bayan taku ɗari, samun mutum guda da ita sa'a ce. Don haka ba dabarar da ta wuce a jera ɗaruruwa kafaɗa da kafaɗa su saki wuta lokaci ɗaya, sannan su ruga da banati. Waɗanda suka warwatsu a fili, mahaya doki ne ke tsince su.

Sai kuma hayaƙi. Ina tsaye a gefen fili 'yan sahu guda suka saki wuta tare. Farin hayaƙi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya turnuƙe ya ƙi tashi, kafin a yi harbi na uku fuskokinsu sun ɓace, jan rigunan kaɗai ke ɗan bayyana. Ka ƙiyasta in dubbai ne, ga igwa. A irin wannan hali janar ba ya damuwa da abokin gaba ya ga mutanensa, ai dole ya gan su; tsoronsa kada shi ya kasa gane nasa, ko rundunarsa biyu su buɗe wa juna wuta. Dalilin da ke sa dogari ya sa ja da kore ranar hawan salla ke nan, a cikin ƙura da cunkoso a san inda ikon sarki yake tsaye. Ga wata fa'ida: mai jar kwat in ya gudu daga soja, ba ƙauyen da zai ɓoye shi. Maganar da ake yaɗawa wai an zaɓi ja don ya rufe jini kuwa, duk wanda ya ga jini a jan ƙyalle ya san baƙi yake komawa. Rinin yana da araha, kuma tun 1645, lokacin yaƙin basasar Ingila, sojan ƙasarta ya saba da shi.

Makaɗa ne aka juya wa launi. Runduna mai jar kwat da rawayar kwala, makaɗinta rawayar kwat zai sa mai jar kwala, domin ganga ce ke isar da umarni, dole hafsa ya hango makaɗinsa da kallo ɗaya. Amurkawa suka ɗauki al'adar yadda take, sai ta haifar da abin dariya: rundunarsu mai shuɗi da jar kwala, makaɗanta ja suke sawa. Yaran da ke busa sarewa suna kaɗa ganga a babban titin Williamsburg jajayen kwat ne a jikinsu, baƙi suna ɗauka 'yan Ingila ne, kuma har yau ƙungiyar masu sarewa da ganga ta sojan Amurka, wadda ke fita ranar rantsar da shugaban ƙasa, ja take sawa. Ita Ingila ba ta rabu da ja a fagen fama ba sai bayan karon Ginnis a Sudan a ƙarshen 1885. Daga nan ya koma kayan fareti, har ya iso kan kakanninmu sojan mulkin mallaka na WAFF da jar dara da jan falmaransu.

Sai dai Amurka ba filin Turai ba ce, kuma sojan Ingila ya gane haka tun kafin rigimar 'yanci. A watan Yulin 1755 Faransawa da 'yan asalin ƙasar suka rutsa Janar Braddock na Ingila a kurmi kusa da kogin Monongahela, suka kashe ko raunata kusan kashi biyu cikin uku na mutanensa, shi ma raunin ya yi ajalinsa. Wani matashin hafsa ɗan Bajiniya ya fita da ramin harsashi huɗu a kwat ɗinsa. Joj Washinton ke nan. Bayan shekara uku Lord Howe, yana shirin harin Ticonderoga, ya sa aka datse wutsiyar kwat, aka rage bakin hula, aka aske dogon gashi, har nasa.

A yaƙin 'yanci abin ya ƙara nisa. Tun 1771 kowace runduna tana da kamfanin 'yan sauri masu gajeriyar riga da ƙaramar hular fata, aikinsu shiga daji da harbi daga maɓoya, daidai abin da ake cewa Amurkawa kaɗai suka iya. A 1777 sojan Janar Burgoyne da ya taso daga Kanada ya gajarta kwat ya yanke hula. Sababbin kayansu ba su iso ba, da ƙyallen da aka datse aka yi wa tsofaffin faci. 'Yan tsaunukan Sikotilan suka ajiye bujensu mai ɗaki-ɗaki suka sa dogon wando. Hafsoshi da yawa, bayan karon Bunker Hill a Yunin 1775 inda aka kashe ko raunata musu sama da mutum 1,000, suka lura masu ƙyalli ake zaɓa, suka cire ƙarfen wuya da zaren zinariya. Kuma ba kowa ne a ɓangaren sarki ke sa ja ba: 'yan igwa shuɗi, Jamusawan haya su wajen 30,000 galibi shuɗi, wasu daga cikin Amurkawan da suka tsaya wa sarki, irin mutanen hafsoshi Simcoe da Tarleton, kore.

Ɓangaren Amurka labarin rashi ne daga farko har kusan ƙarshe. Mutanen da suka taru a bayan Boston a 1775 da kayan gona da na shago suka zo. Ƙasar ba ta da masaƙun ulu na kirki, domin Ingila ta daɗe tana tsare wa kanta wannan ciniki: dokar 1699 ta hana mazauna Amurka fitar da ulunsu zuwa wani yanki, ta 1732 ta yi wa masu yin hula haka. Yadin kirki daga Ingila yake zuwa, ga shi da Ingilar ake faɗa. Da Washinton ya karɓi sojan a watan Yuli ba a iya bambanta janar da kurtu, har masu gadi na tare manyan hafsoshi a hanya. Da babu gara ba daɗi, sai ya koma ga 'yan ƙyallaye: shi ya gitta shuɗi mai haske a ƙirji, mataimakansa kore, saje ya ɗinka jan ziri a kafaɗar dama, kofur kore.

Washinton mutum ne mai kula da sutura ƙwarai. Da kayan soja ya riƙa zuwa zaman majalisa a Filadalfiya tun ba a naɗa shi ba. Launin da ya riƙe, shuɗi da ruwan ƙasa mai haske, na ƙungiyar sa-kai ta gundumarsa ta Fairfax ne. Na tsaya gaban wata kwat tasa a gidan tarihin Smithsonian, wadda ya sa bayan yaƙi. Ba ado sai jerin maɓallai, tsawonta kaɗai ya isa ya gaya maka dogo ne. Yankanta yankan hafsan Ingila ne sak, launi kawai aka canza.

A Nuwamban 1775 majalisa ta ce a yi wa kowa ruwan ƙasa, rinin da ake iya yi a gida da ɓawon itace. Umarni a takarda, yadi babu. Abin da ya rufa wa sojan asiri rigar maharba ce: taguwar lilin mara nauyi, buɗaɗɗiya ta gaba, mai ɗan mayafi a kafaɗa da geza a gefuna, a ɗaure ta da ɗamara. Irin mutanen Daniel Morgan ne suka zo da ita daga bakin dajin Bajiniya, masu doguwar bindiga mai zare a ciki da ke samun mutum daga taku ɗari biyu ko fi. A Yulin 1776 Washinton ya ba da shawarar duk wanda ba shi da kaki ya sa ta: tana da araha, ana iya ɗora ta kan wasu kaya, kuma abokan gaba suna ɗaukar duk mai sanye da ita gwanin harbi ne. Wato rabin aikinta ban tsoro ne. Galibin masu sa ta bindigarsu irin ta 'yan Ingila ce, su ma a sahu suke tsayawa. Na gwada ɗaya. Bayan nauyin mulufin nan ji na yi iska tana ratsa ni ko ta ina, abin daɗi a Agusta, amma mai ita har Janairu yake sa ta.

Wata hanyar ganima ce. A Nuwamban 1776 John Paul Jones, hafsan sojan ruwan Amurka, ya kama jirgin ruwa mai suna Mellish, maƙare da tufafin da aka aika wa sojan Ingila a Kanada. Jar kwat a jikin Ba'amurke haɗari ce, shi ya sa irin wannan ganima sau da yawa marina ake kai ta a mai da ita ruwan ƙasa. Rundunar Kanar Samuel Webb kuwa haka ta sa nata da jansu.

A Valley Forge, arewa maso yamma da Filadalfiya, an sake gina 'yan bukkokin gungume irin waɗanda sojoji kusan 12,000 suka yi hunturun 1777 zuwa 1778 a ciki, mutum goma sha biyu a ɗaki. Kwana huɗu da isarsu Washinton ya rubuta wa majalisa cewa kusan mutum 2,900 ba sa iya fita aiki, ba takalmi ba sutura. Mai fita gadi sai 'yan ɗakinsu sun haɗa masa abin da ke jikinsu. Wajen 2,000 suka mutu kafin a tashi a watan Yuni, galibi da cuta. Kuma a cikin wannan tsumma ne Bajamushen nan von Steuben ya koya musu jerin sahu da sarrafa banati irin na Turai. Manomin da ke bayan itace bai ci yaƙin ba sai da ya koyi tsayawa a fili.

Faransa, wadda ta mara wa Amurka baya a yaƙin, ita ce ta kawo tufafi. A 1778 dubban kwat suka iso, duk masu jar kwala, amma wasu shuɗɗa wasu ruwan ƙasa, kowa kuma shuɗi yake so. Don kada a yi rigima aka jefa ƙuri'a: Niyok da Maryland suna cikin waɗanda suka ci shuɗi, Bajiniya da Pennsylvania suka tashi da ruwan ƙasa. Sai a 2 ga Oktoban 1779, sama da shekara huɗu da fara yaƙi, aka tsayar da shuɗi ga kowa, kwala ta bambanta shiyya: fari ga jihohin arewa maso gabas, ruwan ƙasa mai haske ga Niyok da New Jersey, ja ga na tsakiya har Bajiniya, na kudu shuɗi mai farin ziri. Tsarin Ingila ne aka ara, shi ma bai taɓa cika ba. A 1780 har matan Filadalfiya, ƙarƙashin Esther Reed, suka bi gida-gida suka tara kuɗi don a danƙa wa kowane soja tsaba. Washinton ya ƙi, yana tsoron a giya za su ƙare, ya ce a ɗinka taguwa. Esther ta rasu ba a gama ba, Sarah Bache 'yar Benjamin Franklin ta ƙarasa: taguwa sama da 2,000, kowace da sunan wadda ta ɗinka ta a jiki.

Akwai waɗanda sa kayan sarki ya zame musu hanyar fita daga bauta. A Nuwamban 1775 Lord Dunmore, gwamnan Ingila na ƙarshe da ya zauna a fadar Williamsburg, ya yi shelar 'yanci ga duk bawan 'yan tawaye da ya gudo ya ɗauki bindiga wa sarki. Ɗaruruwa suka gudo, aka kira su Rundunar Habashawa, wata jarida ta lokacin ta ce an rubuta 'yanci ga bayi a ƙirjin rigunansu. Agana ta kashe da yawansu. A ɗaya ɓangaren jihar Rhode Island ta yi doka a 1778 cewa bawan da ya shiga soja ya 'yantu. Wani matashin hafsan Faransa, de Verger, ya zana ɗaya daga cikinsu lokacin yaƙin Yorktown: baƙin mutum tsaye ƙyam, gajeriyar farar riga, farin dogon wando, baƙar hular fata mai gashin tsuntsu, riƙe da bindiga. Na daɗe gaban kwafin zanen. Shuɗin da ƙasar ta zaɓa wa kanta ma da baba ake rina shi, kuma bayi 'yan Afirka ne ke nomanta suna jiƙawa a Carolina ta Kudu da tsibiran Karibiyan.

Filin miƙa wuya na Yorktown yana nan, ciyawa ce kawai da shingen katako. Ranar 17 ga Oktoban 1781 wani makaɗi ya hau ganuwar 'yan Ingila yana kiɗan neman sulhu, wani hafsa ya biyo shi da farin hankici. Ranar 19 aka fito. Faransawa suka jeru a gefe ɗaya na hanya cikin fararen kaya tsaf, Amurkawa a ɗaya gefen, sojan dindindin cikin abin da ya rage na shuɗi da rigar maharba, 'yan sa-kai da kayan gida. Lord Cornwallis, kwamandan sojan Ingila a wurin, ya ce ba shi da lafiya, ya turo Janar O'Hara. Amma kafin nan ya buɗe rumbun kaya an raba wa sojansa sababbin tufafi, kamar yadda James Thacher, likitan sojan Amurka da ke wurin, ya rubuta. Ina jin ya ga gara a sa su a jiki da a bar wa abokan gaba a dila. Don haka waɗanda aka ci suka fi Amurkawan da suka ci su kyan gani nesa ba kusa ba. Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta: suka riƙa kallon Faransawa suka ƙi ɗaga ido ɗaya gefen, O'Hara ma wajen Rochambeau, janar ɗin Faransawa, ya fara nufa, aka nuna masa Washinton, shi kuma ya tura shi ga mataimakinsa Benjamin Lincoln. Sojoji sama da 7,000 aka kama. Bayan kwana biyu aka kora su da ƙafa, cikin sababbin kayansu, zuwa sansanonin fursuna a Winchester da Frederick, kuma yawancinsu ba a sake su ba sai 1783.